Aramco da Man da Yake Bari a Ƙasa

Duk tsawon shekarar 2024 kamfanin mai na ƙasar Saudiyya, Aramco, yana ɗauke da adadi biyu da suka saɓa wa juna. Na farko ganga miliyan 12 a rana, wato abin da kamfanin ya ce rijiyoyinsa da bututunsa da tashoshinsa za su iya fitarwa su kuma ɗore a kai. Na biyu kimanin ganga miliyan 9, abin da yake fitarwa a zahiri. Tazarar da ke tsakani, ganga miliyan 3, ta kai ninki biyu na duk ɗanyen man da Najeriya ke haƙowa a rana a wannan shekarar. An haƙa rijiyoyin, an shimfiɗa bututun, ana biyan masu kula da su albashi, amma famfo a rufe. Da kamfanin 'yan kasuwa ne ya yi haka, da masu hannun jari sun sallami shugabanninsa kafin shekara ta zagayo. A Saudiyya kuwa wannan rarar ita ce ginshiƙin ƙarfin ƙasar a kasuwar mai, kuma a ganina ita ce ke bayyana kowane shirin faɗaɗa da Aramco ya taɓa yi ko ya fasa. Idan rarar ta ƙuntata, fada ta ba da umarnin gini. Idan ta yi faɗi, sai a ce a dakata. Injiniyoyi ne ke lissafin abin da ƙasa za ta iya bayarwa, amma ba su ne ke yanke hukuncin adadin ba, kuma haka abin yake tun shekaru hamsin da suka wuce.

Da farko babu wanda ke tunanin rara, kuɗin kashewa ake nema. Lokacin da Sarki Abdul'aziz ya haɗa masarautar a 1932, babbar hanyar samun kuɗinta ita ce alhazai, su kuma sun ragu ƙwarai saboda karayar tattalin arzikin duniya ta wancan zamani. A watan Mayun 1933 ministan kuɗinsa, Abdullahi Sulaiman, ya sa hannu a Jidda kan yarjejeniyar da ta ba kamfanin Standard Oil na Kalifoniya izinin neman mai a gabashin ƙasar. Shekara biyar ana nema ana cizon yatsa, sai a watan Maris na 1938 rijiya ta bakwai a Dammam ta ba da mai mai yawa, a 1939 kuma jirgin dakon mai na farko ya yi lodi a Ras Tanura. Abin da ya biyo baya ya wuce duk zaton da aka yi. An gano Abƙaiƙ a 1940, an gano Gawar a 1948, filin mai mai tsawon kusan kilomita 280 wanda har yau babu kamarsa a doron ƙasa, sannan Safaniya a 1951, mafi girman filin mai da ke cikin teku. Kamfanin ya ɗauki sunan Aramco a 1944, zuwa 1948 kuma ya zama mallakar kamfanonin Amurka huɗu, waɗanda daga baya aka sani da Chevron da Texaco da Exxon da Mobil. A ƙarshen 1950 sarki ya samu aka koma raba riba biyu daidai. Amma yawan man da za a fitar kowace shekara yana hannun kamfanonin nan huɗu, su kuma suna auna shi da abin da suke da shi a Iran da Iraƙi da Benezuwela da gida Amurka, don kada kasuwa ta cika farashi ya zube.

A wannan zamani ne Riyad ta ga aikin rara da idonta, kuma ta gan shi ne a hannun wasu. A 1951 Firaminista Muhammad Musaddaƙ ya mayar da man Iran hannun gwamnati, yana zaton duniya ba za ta iya rayuwa ba sai da shi. Kamfanonin Turawa suka ƙaurace wa man Iran, suka buɗe famfo a Kuwaiti da Iraƙi da Saudiyya, giɓin ya cike, zuwa 1953 an kifar da gwamnatinsa. A 1967, lokacin yaƙin kwana shida, ƙasashen Larabawa sun hana Amurka da Birtaniya mai, abin ya watse cikin 'yan watanni, domin jihar Teksas tana da rijiyoyin da hukumar jihar ke taƙaita wa aiki, aka sake musu mara. Wannan rarar ta Amurka ta ƙare ne a watan Maris na 1972, ranar da hukumar ta ba rijiyoyin Teksas izinin fitar da duk abin da za su iya, bayan haƙon Amurka ya kai ƙololuwarsa a 1970. Shekara ɗaya da rabi bayan haka aka sake yin takunkumi a Oktoban 1973, wannan karon babu mai cike giɓi, farashi ya tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. Makaman da aka yi amfani da su a 1967 da 1973 iri ɗaya ne. Abin da ya sauya shi ne wurin da man da ba a haƙo ba yake kwance: ya bar Teksas ya koma gabashin Saudiyya.

Shirin faɗaɗa mafi girma a tarihin Aramco na wannan lokaci ne, kuma ba a taɓa aiwatar da shi ba. A farkon shekarun 1970 kamfanonin Amurka masu Aramco sun tsara kai ƙarfin haƙo zuwa ganga miliyan 20 a rana, don suna ganin buƙatar duniya za ta ci gaba da ninkuwa kuma Saudiyya ce kaɗai ke da man da zai ishe ta. Gwamnati ba ta bi su ba. Ta sayi kashi 25 cikin 100 na kamfanin a 1973, ta kai shi kashi 60 a 1974, ta kammala mallake shi a 1980, cikin ciniki da biyan diyya, ba tare da korar Amurkawan da suka san aikin ba. Tana karɓar iko tana rage burin, ta kuma ƙayyade haƙo a ganga miliyan 8.5 a rana. Dalilanta a bayyane suke. Kuɗin da ke shigowa bayan 1973 sun fi ƙarfin abin da ƙasar za ta iya kashewa, matsa wa Gawar da Abƙaiƙ lamba yana iya lalata su, kuma ganga miliyan 20 za ta amfani mai saye fiye da mai sayarwa. Tun daga nan adadin ƙarfin haƙo ya zama maganar fada da ma'aikatar mai, wadda Ahmad Zaki Yamani ya riƙe daga 1962 zuwa 1986.

Shekarun 1980 ne suka koya wa Saudiyya iyakar wannan ƙarfi, kuma darasin ya yi tsada. Bayan juyin juya halin Iran a 1979 da ɓarkewar yaƙin Iran da Iraƙi a 1980, Aramco ya kai haƙonsa kusan ganga miliyan 10 don cike giɓi. Amma tsadar mai ta riga ta yi aikinta: masu saye sun rage amfani, sabon mai ya fito daga Tekun Arewa da Alaska da Meziko. A Fabrairun 1983 Najeriya, wadda ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971 kuma manta ke gogayya kai tsaye da na Tekun Arewa, ta karya farashi ita kaɗai saboda masu saye sun gudu. Wata guda bayan haka ƙungiyar ta zauna a Landan ta sauke farashinta daga dala 34 zuwa 29, ta raba wa kowace ƙasa kaso, Saudiyya kuma ta ɗauki nauyin rage nata gwargwadon abin da kasuwa ta ƙi ɗauka. Halin da ta shiga kamar na babban dillalin hatsi ne a Dawanau da ya rufe sitonsa don farashi ya tsaya, maƙwabtansa na yaba masa da baki suna sayar da nasu ta bayan gida. Zuwa tsakiyar 1985 haƙon Saudiyya ya faɗo ƙasa da ganga miliyan 3 a rana, an rufe tashoshi da dama an lulluɓe su, baitulmali na ta zurarewa, sauran ƙasashe kuma na wuce kasonsu. A ƙarshen shekarar Riyad ta gaji ta buɗe famfo. A 1986 farashi ya faɗo ƙasa da dala 10, a watan Oktoba Sarki Fahad ya sauke Yamani. A shekarar ce gwamnatin Babangida ta shigo da shirin SAP, kuma duk wanda ya rayu a Najeriya lokacin ya ɗanɗani hukuncin da aka yanke a Riyad ko da bai taɓa jin sunan Gawar ba.

Mutumin da ya fi kowa riƙe wannan darasi shi ne Ali al-Na'imi, wanda ya shiga Aramco yana ɗan shekara 12 a matsayin ɗan aike, ya zama ɗan Saudiyya na farko da ya shugabanci kamfanin a 1984, ya kuma riƙe shi lokacin da aka sake kafa shi da dokar sarki a 1988 a matsayin Saudi Aramco. A hannunsa ne rarar da ta zama nauyi a 1985 ta koma daraja. Ranar 2 ga Agustan 1990 Iraƙi ta mamaye Kuwaiti, kasuwa ta rasa man ƙasashen biyu, fiye da ganga miliyan 4 a rana. Aramco ya buɗe tashoshin da ya lulluɓe, ya tashi daga kimanin miliyan 5.5 zuwa sama da miliyan 8 kafin shekarar ta ƙare. Farashin da ya yi tsalle ya sauko, kuma Washington ta fahimci abin da take karewa da sojojinta. Daga nan manufar ajiye rarar ganga miliyan 1.5 zuwa 2 ta zama abin da jami'an Saudiyya ke faɗa a fili. An yi amfani da ita a 2003 lokacin da yajin aikin Benezuwela da yaƙin Iraƙi suka haɗu, aka sake amfani da ita a 2011 da man Libiya ya tsaya.

Faɗaɗa ta gaske, wadda ta kai Aramco inda yake yau, ta zo ne lokacin da wannan rara ta kusa ƙarewa. A 2004 buƙatar Sin ta yi tashin da ba a zata ba, Saudiyya na haƙo dab da iyakarta, farashi ya kama hanyar da ta kai shi dala 147 a Yulin 2008. A 2005 wani ma'aikacin banki na Amurka, Matthew Simmons, ya fitar da littafi yana cewa manyan filayen Saudiyya sun tsufa kuma sun kusa fara ja da baya, duniya ta ɗauki maganar da zafi. Amsar Riyad gini ce. Na'imi, wanda ya zama ministan mai tun 1995, ya jagoranci shirin da ya taɓa Ƙatif da Harad da Kursaniya da Shaiba, filin da ke can cikin hamadar Rub'ul Khali wanda ya fara aiki a 1998, sai kuma Kurais da ya kawo ganga miliyan 1.2 a rana shi kaɗai a 2009. A ƙarshen shirin ƙarfin Aramco ya kai miliyan 12. An kammala shi daidai lokacin da rikicin bankuna na 2008 ya kashe kasuwa, har wasu suka yi dariya cewa an gina abin da ba a buƙata. Amma ai abin da aka saya da kuɗin ba sayar da ƙarin mai ba ne, dawo da rarar da ta ɓace ne, kuma an dawo da ita. Da ita ce Na'imi ya iya zama a Biyana a Nuwamban 2014 ya ƙi rage haƙo, ya bar farashin da ke sama da dala 100 a tsakiyar shekarar ya ci gaba da faɗowa zuwa ƙasa da 30 a Janairun 2016, don masu fasa dutse su tatso mai a Amurka su ji a jikinsu. Sun ji, amma ba su mutu ba. Najeriya ta faɗa koma-bayan tattalin arziki a 2016, an sauke Na'imi a watan Mayun shekarar, kafin ƙarshenta kuma Saudiyya ta nemi Rasha aka kafa haɗakar da ake kira OPEC+.

Sai a 2019, da Aramco ya so cin bashi a kasuwannin duniya da sayar da hannun jari, ya buɗe littattafansa, aka ga a rubuce abin da masu lura suka daɗe suna zato. Takardun sun ce gwamnati ce kaɗai ke da ikon ƙayyade yawan man da za a haƙo da kuma ƙarfin haƙon da kamfani zai riƙe. Sun bayyana ma'anar wannan ƙarfi: adadin da za a iya ɗorewa a kai na shekara guda bayan an ba kamfani wata uku na shiri. Sun nuna ribar dala biliyan 111 a 2018 da kuɗin fitar da ganga ɗaya da bai kai dala 3 ba. Sun kuma nuna cewa iyakar Gawar ganga miliyan 3.8 ce, alhali an daɗe ana cewa 5. A watan Disamba aka sayar da ƙasa da kashi 2 cikin 100 na kamfanin a kasuwar hannun jari ta Riyad, aka tara sama da dala biliyan 25. Wanda ya sayi hannun jarin ya saya ne da sanin cewa ba shi da ta cewa a kan famfo.

Umarnin kai ƙarfin haƙo miliyan 13 ya fito ne a cikin fushi, kuma ranar fitarsa ta isa shaida. Ranar 6 ga Maris na 2020, annobar korona na rufe duniya, Rasha ta ƙi yarda da ƙarin rage haƙo, taron Biyana ya watse. Kwana biyar bayan haka ma'aikatar makamashi ta umarci Aramco ya ƙara ganga miliyan ɗaya a kan 12. Babu mai hankalin da zai ce kasuwa na buƙatar ƙarin mai a makon da jirage ke zaune a ƙasa. Saƙo ne zuwa ga Mosko, cewa Saudiyya za ta iya ambaliya yau kuma tana shirin ambaliya mafi girma gobe. A Afrilu Aramco ya fitar da sama da miliyan 12 na ɗan lokaci, tankuna suka cika, ranar 20 ga wata farashin man Amurka ya faɗi ƙasa da sifiri, ƙasashen OPEC+ kuma sun riga sun koma teburi sun yarda da rage ganga miliyan 9.7. Yaƙin ya ƙare cikin wata guda, umarnin ya rage. Aramco ya sa 2027 a matsayin wa'adi, ya rataya shirin a kan filayen teku: Marjan da ƙarin ganga 300,000, Barri da 250,000, Zuluf da 600,000, sai Safaniya da Manifa. A 2022, da Rasha ta afka wa Yukren farashi ya haura dala 100, shirin ya zama kamar hangen nesa, domin rarar ta sake ƙuntata kuma Shugaba Biden da kansa ya je Jidda a watan Yuli neman ƙarin mai.

Daga nan ne lissafi ya juye. A Oktoban 2022 OPEC+ ta yanke rage ganga miliyan 2, a Yulin 2023 Saudiyya ta ƙara rage miliyan ɗaya ita kaɗai, haƙonta ya sauko kusan miliyan 9 ya zauna a nan. Man Amurka ya kusa miliyan 13 a rana, adadin da babu ƙasar da ta taɓa kaiwa, Barazil da Kanada da Guyana na ƙara nasu. Ranar 30 ga Janairun 2024 Aramco ya sanar cewa ma'aikatar ta umarce shi ya tsaya a miliyan 12. An jingine faɗaɗa Safaniya da Manifa, an dakatar da kwangilolin injinan haƙa na teku da dama, kamfanin ya ce zai rage kashe kimanin dala biliyan 40 tsakanin 2024 da 2028. Ƙasar da ke son rarar miliyan 2 ta tsinci kanta da miliyan 3, ta huɗun ba za ta tsorata kowa fiye da yadda ukun ke tsoratarwa ba. Kuɗin kuma akwai masu jiransu. Gwamnati da asusun zuba jarinta na PIF sun mallaki sama da kashi 97 cikin 100 na Aramco, ribar da kamfanin ya raba a 2024 ta kai kusan dala biliyan 124, kuma da ita ake gina birane da filayen wasa da sauran burin 2030 na Yarima Muhammad bin Salman.

Akwai masu cewa duk wannan ado ne, gaskiyar magana ƙasa ce ta gaza, Simmons ya yi gaskiya sai dai ya yi gaggawa. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Gawar ya haura shekara saba'in yana aiki, kuma tun 1978 ake ɗebo ruwan teku daga Ƙurayya ana ɗura masa don riƙe matsin da ke turo mai sama. Mafi yawan ƙarin da aka tsara don kaiwa 13 daga teku yake, inda aiki ya fi tsada, man Safaniya da Zuluf kuma mai kauri ne da ba ya kai farashin mara nauyi. Yarima da bakinsa ya faɗa a taron Jidda na 2022 cewa bayan miliyan 13 masarautar ba ta da sauran ƙarfin ƙarawa. Kuma ayyukan Marjan da Barri da Zuluf ba a tsayar da su ba, ƙarin da za su kawo, sama da miliyan ɗaya, zai tafi ne wajen riƙe 12 ɗin, wanda ke nuna tsofaffin filaye na raguwa. Duk wannan gaskiya ne, amma yana nuna cewa ganga ta gaba ta fi ta baya tsada ne kawai. Man da aka tabbatar yana ƙarƙashin ikon Aramco ya kai kusan ganga biliyan 260, kuma kamfanin bincike na DeGolyer and MacNaughton ya duba mafi yawansa kafin sayar da hannun jari. A haƙon miliyan 10 kullum wannan man shekara saba'in ne. Safaniya da Manifa ba sababbin wurare ba ne da aka haƙa aka tarar da ruwa, filaye ne da aka sani tun shekarun 1950, an kuma tsara aikinsu kafin a ajiye shi. Raguwar tsofaffin rijiyoyi tana nan a Maris na 2020 da aka ba da umarni, tana nan a Janairun 2024 da aka janye shi. Abin da bai sauya ba tsakanin ranakun biyu ba zai zama dalilin sauyin ba.

Wasu kuma suna riƙe da abin da ministan makamashi, Yarima Abdul'aziz bin Salman, ya faɗa a Dahran a Fabrairun 2024, cewa an dakatar da shirin ne saboda duniya na sauya hanyar samun makamashi. Suna ganin Saudiyya ta karɓi cewa zamanin mai ya kusa gangara. Da wuya na yarda. Wata guda bayan maganar ministan, shugaban Aramco, Amin Nasir, ya tsaya a Houston ya ce a daina mafarkin kawar da mai da gas. Buƙatar duniya ta haura ganga miliyan 100 a rana a 2023, mafi yawa a tarihi zuwa lokacin. Maƙwabciya Abu Dhabi, wadda ke kallon kasuwa ɗaya da ido ɗaya, ta matso da wa'adin kai ƙarfin kamfaninta ADNOC miliyan 5 zuwa 2027 maimakon 2030, domin ita ƙaramin kasonta take son faɗaɗawa, ba rara take tsaro ba. Kuma idan da gaske Riyad ta yi imani mai zai rasa kasuwa nan kusa, mai arha irin nata hankali zai ce ta gaggauta sayar da shi kafin rana ta faɗi, ba ta rufe kwata na ƙarfinta ba. Buƙata ba ta ragu ba, wasu ne suka cike ƙarin, kuma sun cike shi ne a ƙarƙashin farashin da ragin Saudiyya ya ɗaga musu, kamar yadda aka yi a farkon shekarun 1980.

Suka mafi nauyi ita ce ta masu tambaya ko miliyan 12 ɗin ma akwai ta. Aramco bai taɓa riƙe wannan adadi na shekara guda ba, matsakaicin haƙonsa na shekara bai taɓa kaiwa miliyan 11 ba, kuma abin da ya fitar a Afrilun 2020 na makonni ne. Harin 14 ga Satumban 2019 ya ƙara nuna wani rauni: jirage marasa matuƙi da makamai masu linzami sun faɗa wa Abƙaiƙ da Kurais, ganga miliyan 5.7 suka tsaya a dare ɗaya. 'Yan Husi na Yaman sun ce su ne, Riyad da Washington suka ɗora wa Iran, Iran ta musanta. Rijiya mai rara ba ta da amfani idan tashar da ke tace manta ta ƙone, ko mashigin Hormuz ya toshe, shi ya sa bututun da ya ratsa ƙasar daga gabas zuwa Yanbu tun 1981 yake da muhimmancin da yake da shi. Ina ganin wannan suka ta rage girman makamin, ba ta kawar da shi ba. An gyara Abƙaiƙ cikin makonni, ba watannin da aka yi hasashe ba. Haƙon miliyan 11 kuma, wato miliyan 2 sama da 9, abu ne da aka gani a 2018 da 2022, kuma ganga miliyan 2 sun isa su karya farashi. Ministan mai na Rasha ko na Iraƙi da ke tunanin wuce kasonsa ba ya buƙatar tabbacin ganga ta ƙarshe, tunawa da 1986 da 2014 da 2020 ya ishe shi. A 2025, da Kazakistan da Iraƙi suka yi ta wuce kaso, Saudiyya ce ta jagoranci dawo da man da aka rage cikin sauri fiye da yadda aka tsara, farashi ya sauko kusan dala 60 a lokacin da kasafin kuɗin Najeriya na shekarar ke tsaye a kan dala 75.

Kuɗin da aka janye daga Safaniya ba su bar harkar haƙo gaba ɗaya ba, babban ɓangaren jarin Aramco ya karkata ga iskar gas, musamman filin Jafura da ke kudu maso gabashin Gawar, da burin da kamfanin ya sa a 2024 na ƙara gas da sama da kashi 60 cikin 100 zuwa 2030 idan aka auna da 2021. Dalilin yana cikin gida. Saudiyya na ƙona kusan ganga miliyan ɗaya ta ɗanyen mai da baƙin mai da dizal kowace rana a tashoshin lantarki da na tace ruwan teku da masana'antu, abin ya fi tsanani da bazara lokacin da na'urorin sanyaya ɗaki ke aiki dare da rana. Gwamnati na son gas da hasken rana su maye gurbin wannan man kafin 2030. Idan hakan ta samu, ganga miliyan ɗaya za ta tashi daga tanderun gida ta koma tashar jiragen Ras Tanura ba tare da an haƙa rijiyar ɗanyen mai ko ɗaya ba. Rijiyoyin gas irin na Jafura kuma suna fitowa da wani ruwan mai mara nauyi da ake sayarwa da tsada, wanda ƙa'idar OPEC ba ta lissafa shi cikin kason mambobinta.